Haƙƙin Kyanwa Mai Ciwon Sukari: Idan Sukari Ya Ƙi Sauka, Kada Ka Yi Gaggawar Ƙara Allura



Ya ku ƴan'uwa maza da mata masu bin wannan zaure, darasinmu na yau yana cikin babin haƙƙin abin da Allah Ya sanya a ƙarƙashin hannun bawa. Maganarmu a kan kyanwa ce, wadda wasunmu ke ce wa mage, wasu kuma mussa, idan ciwon sukari ya kama ta, likitan dabbobi ya ɗora ta a kan allurar insulin, sai sukarin ya kafe a sama ya ƙi sauka. Gidajen da suka kai ga wannan mataki a garuruwanmu kaɗan ne, amma darasin ya shafi duk wanda ya taɓa riƙe magani a hannunsa domin wani rai wanda ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo.

Ra'ayin da nake so in kafa a gabanka shi ne wannan. Wanda ya ga sukarin kyanwarsa ya ƙi sauka, ya ƙara mata insulin da ka, babu awo babu shawarar likita, ya yi sakaci da amanar da aka ba shi, ko da tausayi ne ya tura shi. Wanda kuma ya tsaya ya nemi dalili, ya auna, ya rubuta, ya tafi sannu a hankali, shi ne ya sauke nauyin da ke kansa.

Matsayin kyanwa a wurinmu

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, cewa kyanwa ba baƙuwa ba ce a littattafan malamanmu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta cancanci azaba saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin sahabi Abu Ƙatada, wanda ya karkata wa kyanwa mazubin ruwan alwalarsa domin ta sha, kuma daga nan malamai suka ɗauki hukuncin tsarkinta. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, masu sharhi kuma suka shigar da kyanwar da ta makance a gidan mutum har ta kasa fita neman abinci: ciyar da ita yana kan mai gidan. Dubi yadda suka lura da raunin dabba. Gwargwadon gazawarta, gwargwadon ƙaruwar haƙƙinta a kanka. To, kyanwar da rayuwarta ta rataya a kan ɗigon maganin da kake zuƙa a sirinji safe da yamma, wane rauni ya wuce nata?

Mene ne ciwon, kuma yaya ake fara magani?

A cikin cikin kyanwa, kusa da tumbi, akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke samar da insulin, shi kuma aikinsa buɗe wa sukarin da ke yawo a jini ƙofa ya shiga tsoka da sauran sassan jiki. Mafi yawan kyanwoyin da ke kamuwa, ciwonsu ya yi kama da nau'i na biyu da ke kama manyan mutane: jiki ya daina jin kiran insulin, gaɓar kuma ta gaji. Ƙiba, tsufa da rashin motsi suna jawo shi, kuma ya fi kama muzuru a kan mace. Alamominsa su ne yawan shan ruwa, yawan fitsari har ƙiyashi ya riƙa taruwa a wurin, ci da yawa tare da rama, wani lokaci kuma ka ga tana taka ƙasa da dukan dunduniyar ƙafafun baya saboda jijiyoyi sun taɓu.

Sukarin lafiyayyar kyanwa yakan tsaya tsakanin kimanin 70 da 150 a na'urar awo mai nuna miligiram. Idan takardar ɗakin gwaji ta zo da giram a lita, kamar yadda aka saba a asibitocinmu, to 2,5 daidai yake da 250. Da zarar sukari ya haura kimanin 250 zuwa 290, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zube cikin fitsari ya ja ruwa tare da shi. Wannan shi ne asalin ƙishirwar da kake gani.

Ana auna insulin da yunit, wanda ake rubutawa U ko UI a jikin kwalba. Likitoci kan fara da rubu'i zuwa rabin yunit ga kowane kilo na nauyin da ya dace da kyanwar, sau biyu a yini, sa'a 12 tsakani. Ga kyanwa mai kilo 4, wannan yunit 1 ne zuwa 2. Ka lura da ƙanƙantar abin. Ƙarin yunit ɗaya tak a kan wadda ke karɓar yunit 1 ninkawa ne. Kuma waɗannan lambobi na kyanwa ne kaɗai, kada wani mai ciwon sukari a cikinmu ya auna kansa da su.

Lambar safe tana ruɗi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a auna jini sau ɗaya da safe kafin allura, a ga 400, a tsorata, a ƙara magani. Wannan lamba ba ta gaya maka abin da insulin ya yi a jiki ba, domin an ɗauke ta ne a lokacin da allurar jiya ta gama aiki. Abin da likita ke nema shi ne mafi ƙasƙancin matakin da sukari ke sauka a tsakanin allura biyu. Ana gano shi ta hanyar tsaga gefen kunne da ɗan tsinken awo, a auna kowace sa'a 2 tun daga allurar safe har ta yamma, a rubuta. Ga insulin mai dogon aiki ana iya tazarar sa'a 3 zuwa 4. Akwai kuma ƴar na'urar da ake mannawa a fata, irin FreeStyle Libre, wadda ke karanta sukari har kwana 14.

Bari in buga maka misali da kyanwoyi uku, kowace an same ta da 400 da safe. Ta farko, da aka bi ta da awo, sai aka ga da azahar ta faɗo 55, sa'an nan ta yi tsalle ta koma sama. Wannan magani ya yi mata yawa. Jikinta ya ji haɗari, hanta ta saki sukarin da ta ajiye domin ceton rai. Likitoci na danganta wannan yanayi da sunan masanin da ya bayyana shi, Somogyi. Ba ya faruwa kullum, amma idan ya faru aka ƙara allura, an tura dabbar bakin kabari. Maganinta ragi ne. Ta biyu ta sauka 120, wanda yake daidai, amma bayan sa'a 7 ko 8 ta koma sama. Wannan adadin ya isa, daɗewar aikin ce ta gaza, don haka likita zai duba canza nau'in insulin zuwa mai dogon zango. Ta uku ta wuni tsakanin 350 da 400 ba ta motsa ba. Ita kaɗai ce ake tunanin ƙara wa, shi ma bayan an tabbatar maganin yana da rai kuma yana shiga jiki. Lamba ɗaya, hukunci uku. Ta yaya wanda ya auna sau ɗaya zai san wacce ce tasa?

Ƙari a kan haka, kyanwa dabba ce mai saurin firgita. Ɗaukarta a kwali, ƙarar babur, ƙamshin asibiti da riƙon baƙo suna iya ɗaga sukarin lafiyayyar kyanwa ma har ya kai 300. Saboda haka awon gida cikin natsuwa ya fi faɗin gaskiya, kuma akwai gwajin jini mai suna furuktozamin wanda ke nuna matsakaicin sukari na mako ɗaya zuwa biyu da suka wuce, tsoron rana ɗaya ba ya canza shi. Ka sani kuma na'urar awo ta mutane takan nuna ƙasa kaɗan da gaskiya a jinin kyanwa, don haka ka tsaya a kan na'ura ɗaya, ka sanar da likita irinta.

Ruwa ba ya tsami banza

Idan awo ya nuna sukari a sama wuni guda, akwai ƙofofi biyar da za ka ƙwanƙwasa kafin ka taɓa adadin allura.

Ta farko, kwalba. Insulin abu ne mai laushi, zafi na kashe ƙarfinsa, ƙanƙara ma haka. Mazauninsa firigo ne, tsakanin digiri 2 da 8, nesa da ɓangaren da ke daskarar da ruwa. Mu kuwa a bazara zafi na wuce digiri 40 a inuwa, ga ɗaukewar wuta. A shekarar 2021 masu bincike na Jami'ar Janeba tare da ƙungiyar likitoci ta MSF sun gwada insulin na mutane a irin zafin da aka auna a sansanin ƴan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka ga ya riƙe ƙarfinsa har mako 4. Wannan albishir ne, amma ɗakin kwano a Tawa ko Damagaram cikin watan Afrilu ya wuce wancan zafi. Idan wuta ba ta da tabbas, a sa kwalbar cikin wani mazubi mai murfi, a ajiye a ƙaramar tukunyar ƙasa da aka zaunar cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a bar su a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ka rubuta ranar da ka fara buɗe kwalba a jikinta, ka duba takardar cikin kwali don sanin kwanakin da aka yarda a yi amfani da ita. Insulin gilarjin, wanda aka fi sani da Lantus, garau yake kamar ruwa, ba a girgiza shi, ba a sirka shi, idan ya yi gurɓi a zubar. ProZinc da Caninsulin fari ne kamar tsinkakken nono, sai an haɗa su kafin a zuƙa: na farko ana murza kwalbar a tafin hannu a hankali, na biyu ana girgiza ta har ta zama bai ɗaya. Wanda ya zuƙa ba tare da haɗawa ba, yau zai ba da ruwa, gobe ya ba da kauri. Ga wanda abin ya dama, Caninsulin daga alade ake samo shi, sauran biyun kuwa harhaɗa su ake yi a masana'anta, yana iya neman likita ya zaɓa masa.

Ta biyu, sirinji. A nan ne rayuka da yawa ke salwanta. Insulin na dabbobi, ProZinc da Caninsulin, yunit 40 ne a mililita, na mutane irin Lantus kuma yunit 100. Kowane yana da sirinjinsa, an rubuta U-40 ko U-100 a jiki. Idan ka zuƙi mai ƙarfin 40 da sirinjin 100 har layi na 2, abin da ka ba ta bai kai yunit 1 ba, sai ka yi ta mamakin yadda sukari ya ƙi sauka. Idan ka juya, ka zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 har layi na 2, ka ɗura mata yunit 5, ninki biyu da rabi. Lambar kwalba da lambar sirinji dole su dace, kuma duk ranar da aka sayo sabon kwali daga farmasi a sake dubawa.

Ta uku, hannun mai allura. Ana ɗaga fatar gefen ƙirji ko ta gefen ciki, a soka a ƙarƙashinta, a riƙa sauya wuri domin kada fata ta yi kanta. Kumfar iska a sirinji tana cinye rabin adadi idan adadin ƙarami ne. Wani lokaci tsinin kan huda ya fita ta ɗaya gefen, magani ya zube a gashi. Idan ka ji danshi ko ka yi kokwanto, kada ka maimaita, ka jira lokaci na gaba. Tsallake allura ɗaya ya fi sauƙi a kan ninka ta. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin aikin a gida, da littafi a rataye inda ake rubuta sa'a, adadi, abin da ta ci da yadda ta sha ruwa, domin kada maigida ya yi, uwargida ta zo ta sake. Game da lokaci, tsakanin asuba da magariba ya fi sa'a 12, don haka ya fi kyau a ɗaura allurar safe da fitowar rana, ta yamma da sallar magariba, ko a tsayar da ƙarfe 7 da ƙarfe 7. Zuwan azumi ko tafiya ba sa ɗage wannan tsari, wanda zai yi nisa ya wakilta amintacce ya koya masa.

Ta huɗu, akushi. Allah Ya halicci kyanwa maciyar nama. Abin da muka saba zuba mata, ragowar tuwo, shinkafa, taliya, burodi da madara, ko fura, duk sitaci ne mai rikiɗewa sukari. Mai yi mata allura yana ba ta waɗannan kamar mai ɗiban ruwa ne da kwando. Abin da ya dace da ita shi ne abinci mai yawan nama da ƙarancin sitaci, ko na gwangwani da aka yi domin haka, ko dafaffen nama, kifi marar ƙaya, zuciya da ƴar hanta kaɗan, bisa tsarin da likita zai ba ka, domin tsoka zalla ba ta cika dukan bukatar jikinta. A kiyaye ta daga miya da nama mai yaji, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa. Amma ga gargaɗi: ranar da ka sauya mata abinci, bukatarta ga insulin na iya raguwa cikin ƴan kwanaki, adadin jiya ya zama guba yau. Ka sanar da likita kafin sauyi, ka yawaita awo bayansa. Idan tana da ƙiba, a rage ta a hankali, kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako. Hana ta abinci gaba ɗaya yana tara kitse a hanta, wanda shi kansa ajali ne.

Ta biyar, wata cuta da ke ɓoye. Idan kwalba, sirinji, hannu da akushi duk sun inganta, adadi kuma ya haura yunit ɗaya da rabi ga kowane kilo, wato yunit 6 ga mai kilo 4, amma sukari na nan daram, to akwai abin da ke yaƙar insulin a jiki. Ruɓaɓɓen haƙori da kumburin dasashi, ciwon mafitsara, kumburin fankiriyas, ciwon ƙoda da yawan aikin gaɓar wuya da ke haddasa maƙoƙo duk suna cikin masu laifi. Haka magunguna irin deksametazon da danginsa, waɗanda ake sayarwa barkatai a kasuwanninmu, da ƙwayoyin hana kyanwa ɗaukar ciki. Akwai kuma ƙari da ke fitowa a wata ƴar gaɓa ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ya sa sinadarin girma ya yi yawa. Wani bincike na kwalejin likitancin dabbobi ta Landan a 2015, wanda ya duba kyanwoyi masu ciwon sukari fiye da 1,200, ya kiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na da shi. Alamarsa kyanwa ta riƙa ƙara nauyi alhali sukari na sama, fuska ta faɗaɗa, dagi ya girma, ta riƙa minshari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ƙarin allura da ka zai warkar.

Idan ƙarin ya zama dole

Ba ina cewa kada a taɓa ƙarawa ba. Barin kyanwa wata da watanni cikin sukari mai yawa saboda tsoro shi ma cutarwa ne, yana ramar da ita, yana ƙona gaɓar da ta rage mata. Abin da nake cewa a ƙara bisa ƙa'ida. Likita ne mai yanke hukunci, kai kuma mai kawo masa shaida. Ana ƙara rabin yunit zuwa yunit 1 a kowace allura, a jira aƙalla kwana 5 zuwa 7, sau da yawa har mako 2, domin jiki na ɗaukar lokaci kafin ya daidaita da sabon adadi, sa'an nan a sake awon wuni. Abin da ake nema shi ne mafi ƙasƙancin mataki ya faɗa tsakanin 80 da 150, mafi yawan wuni kuma ya kasance ƙasa da inda sukari ke zuba a fitsari. Idan ya taɓa sauka ƙasa da 80, ragi ake yi, kuma shi ragi ba a jinkirta shi. Kada lamba ta ɗauke maka hankali daga dabbar kanta. Idan ƙishirwa ta ragu, nauyi ya tsaya, gashi ya yi sheƙi, tana wasa, to aiki na kyau ko da lambar ba ta zama yadda kake buri ba. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake. Sukari mai yawa yana cutarwa cikin makonni, sukari mai ƙaranci yana kashewa cikin sa'o'i. Idan ka ga tana tangaɗi, tana rawar jiki, idanu sun buɗe ba ta gane wuri, ko ta fara farfaɗiya, ka shafa mata zuma a dasashi nan take. Idan tana iya haɗiya ka ba ta abinci, idan ta suma kada ka ɗura mata komai a maƙogwaro, ka garzaya wurin likita. Idan kuma ta ƙi cin abinci, kada ka yi mata cikakkiyar allura sai ka ji daga gare shi. Ƙin ci tare da amai da kasala na iya zama alamar taruwar wani guba mai suna kiton a jini, wanda ƴar takardar gwajin fitsari ke nunawa, kuma wannan sai asibiti da ƙarin ruwa. Kada a ba ta maganin mutane don rage mata zafi. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya na iya kashe kyanwa.

Akwai kuma wata ni'ima da ke zama tarko ga marar lura. Kyanwa, saɓanin kare, tana iya samun sauƙi har ta daina bukatar insulin, musamman a watannin farko idan an gyara abinci kuma sukari ya sauka, domin gaɓar da ta gaji takan farfaɗo. Wanda ba ya awo zai ci gaba da allurar da ya saba, ya halaka ta a daidai lokacin da Allah Ya kawo mata waraka. Wasu daga cikin waɗanda suka sami sauƙin kan koma, don haka lura ba ta ƙarewa.

Ga mai cewa: mutane ma ba su samu ba

Na san abin da ke zuciyar da yawa daga cikin masu karatu. A ƙasar da dattijo ke raba allurarsa biyu domin kwalba ta kai ƙarshen wata, ina hujjar kashe kuɗi a kan kyanwa? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan yi mata kwana ba. Haƙƙoƙi suna da jeri. Kanka, iyalinka, iyayenka, danginka da maƙwabcinka mabukaci suna gaban dabba. Wanda mahaifinsa ke neman insulin bai samu ba, ya saya wa kyanwa, ya juya jerin. Wanda ya ɗebi maganin wani majinyaci a gida ya ba dabba, ya zalunci majinyacin, ya kuma jefa dabbar cikin haɗarin sirinjin da muka ambata. Ba na kuma cewa allurar insulin wajibi ce a kan duk mai kyanwa, wannan hukunci ne da za a kai gaban malamai masu fatawa, kuma ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Marar hali ya yi abin da zai iya: ya gyara mata abinci, ya wadata ta da ruwa da inuwa, ko ya miƙa ta ga mai iko. Idan wahala ta yi tsanani aka yanke ƙauna, malaman mazhabarmu sun tattauna batun hutar da dabbar da ba a ci, sai ya haɗa shawarar likita da ta malami. Abin da ba shi da uzuri shi ne a jefar da ita a bola ta mutu da ƙishirwa.

Amma wanda Allah Ya yalwata wa, ya sauke haƙƙin mutane, ya kuma zaɓi jinyar dabbarsa, kada a yi masa dariya. Tausayi ba ya ƙarewa don an raba shi, kuma sau da yawa hannun da ya saba da tausayin dabba shi ne mai saurin miƙuwa ga mutum. Ina ma ba shi shawara, duk lokacin da ya sayi kwalba domin kyanwarsa, ya tuna da wani majinyaci a unguwarsu ya taimaka masa da tasa. Mu tuna kuma cewa wannan magani ta hanyar dabbobi ya iso gare mu. A 1921, a birnin Toronto na Kanada, Banting da Best sun yi gwaje-gwajensu ne a kan karnuka, kuma insulin da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 a watan Janairun 1922 daga jikin shanu aka tato shi. Shekaru da dama bayan haka mutane sun rayu da insulin na dabbobi. Idan yau ɗigo kaɗan ya koma ga dabba, ba abin kunya ba ne.

Abin da ya rage a kanka, ya kai mai riƙe da sirinji, shi ne kyautata aiki. Niyya mai kyau ba ta gyara adadin da aka zuƙa ba daidai ba. Kyanwa ba za ta ce maka jiri take ji ba, ba za ta kai ƙararka wurin kowa ba a duniya, kuma wannan shirun nata shi ne ya ƙara wa amanar nauyi. Ka duba kwalba, ka duba sirinji, ka duba hannunka, ka duba akushi, ka sa likita ya nemi ɓoyayyar cuta. Bayan haka, idan ya ce a ƙara, ka ƙara rabin yunit ko ɗaya, ka jira mako, ka sake aunawa.

Wanda ya san wani mai jinyar dabba, ko mai ajiye insulin a gida cikin wannan zafi, ya tura masa wannan saƙo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashin hannunmu. Allah ne Mafi sani.